Gayyar da Na Kira a Indiya

Ƙarfe tara da rabi na safe na fito daga filin jirgin. Mu biyu ne a bakin ƙofa da muke jin Hausa: ni, Lawan, da wani mutum mai jar hula da ya ɗaga kwali an rubuta sunana a kai. Daga nan zan fara. Abin da ya gabata, na sallama da addu'o'i, kowa ya san irinsa.

Ni ɗan wani ƙauye ne a arewacin Ɗambatta. Makarantar koyon sana'a na yi, daga nan na zauna a bakin kasuwa ina gyaran injin ban ruwa. Wata gidauniya ta zaɓi matasa za ta tura su karatu Indiya, sunana ya fito a cikin masu karatun injiniya. Sharaɗinta ɗaya ne: wanda makaranta ta kora ya dawo gida, ba za a sake ba shi dama ba.

Mai jar hula ya karɓi jakata tun kafin in miƙa.

"Sannu da hanya, ɗan uwa! Sunana Tanimu. Ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗambatta."

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar Ɗambatta ce. Ka zo gida, wallahi ka zo gida."

Ya ce ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, amma ya samo mini ɗaki kusa da makaranta. Ya karɓi kuɗin hayar shekara, ya kai ni wani ɗaki a saman bene, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya tafi. Ɗakin ba kusa da makaranta yake ba. Da wata ya ƙare mai gidan ta hauro tana neman haya, domin na wata ɗaya Tanimu ya ba ta. Lambarsa ta daina shiga. Daga baya na haɗu da wani ɗan Gombe da wani ɗan Sakkwato, kowannensu kakar Tanimu 'yar garinsu ce. Wannan shi ne abu na farko da na koya a ƙasar, kuma ba Ba'indiye ne ya koya mini ba.

Abu na biyu shi ne garin kansa. A daidaita sahu ko'ina, kamar an kwaso na Kano duka an zube a titi ɗaya. Shanu suna yawo a tsakiyar kasuwa babu makiyayi, babu mai cewa kul. Idan na tambayi hanya sai a kaɗa mini kai gefe da gefe, in ɗauka an ƙi ni, ashe amsawa ake yi. Yara suna bi na suna kiran Afirka, wasu su shafa hannuna su duba tafinsu. Ranar Babbar Sallah ta farko a aji na yi ta. Na dawo na dafa shinkafa, na barbaɗa yajin da Inna ta ƙulla mini, na ci ni kaɗai ina kallon bango. Ban yi kuka ba. Amma shinkafar ba ta wuce da daɗi ba.

A bakin ƙofar makaranta akwai wani tsoho mai shayi, da jan ɗigo a goshinsa irin na addininsu. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Wata rana ya hango ni a bayan rumfarsa ina alwala da robar ruwan sha. Washegari na tarar ya ajiye wata ƙaramar buta cike da ruwa a gindin bishiya, ya nuna ta, ya nuna ni. Har na bar ƙasar ban taɓa samun butar nan babu ruwa ba. Shi ne kuma ya riƙa tsayawa yana yi wa masu a daidaita sahu faɗa idan sun ninka mini kuɗi.

Yanzu sai aji, inda ainihin wahalar take.

Farfesa zai cika allo da lissafi, ya juyo ya ce, "Kowa ya gane?" Sai in gyaɗa kai. A inda na tashi, yaro ba ya ce wa malami bai gane ba. Kamar ka ce masa bai iya koyarwa ba ne. Sai ka yi shiru, ka koma ka yi ta maimaitawa har ya zauna. Ni kuwa Allah ya ba ni kan hadda, tun ina yaro na sauke Alƙur'ani. Don haka na kama lissafi kamar yadda na kama allo. Duk misalin da aka yi a aji sai in haddace shi daga farko har ƙarshe, har inda farfesa ya ja layi. Ranar jarrabawa sai su sauya lambobi, su juya tambayar ta baya. In zauna ina kallon takarda, abin da ke kaina yana nan daram, amma babu inda zan sa shi.

Shekarar farko na faɗi darasi ɗaya. Na ce baƙunta ce. Shekara ta biyu na faɗi uku: lissafi, da darasin zafi da tururi, da darasin nauyin da ƙarfe ke iya ɗauka. Duk wannan lokaci idan na kira gida aka ce yaya karatu, amsata ɗaya ce, "Alhamdulillahi."

Shugabar sashenmu wata mace ce mai furfura, muna kiran ta Madam. Ta sa aka kira ni ofis. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Lawan, a ɗakin aikin hannu babu abin da zan ce a kanka. Amma injiniya ba hannu kaɗai ba ne. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka koma sashen harkar kasuwanci, ka gama lafiya ka tafi da takardarka, tallafinka bai tsaya ba. Ko ka tsaya a nan ka maimaita darussan nan uku a zango ɗaya. Idan ka faɗi ko da ɗaya ne, doka ta ce ka tafi, ni ma ba zan iya tare ka ba."

Na ce, "To, Madam."

Ta ce, "To me? Kullum to. Ka je ka yi tunani, ka dawo mini mako mai zuwa."

Na yi tunanin, kuma na yi shi a jere kamar yadda nake yin komai. Idan na koma kasuwanci zan dawo da takarda, amma ba ita na tafi nema ba. Na tafi ne don na gaji da ganin rijiyar burtsatsen garinmu ta lalace, mata suna tafiya har ƙauyen gaba, ana jiran mai gyara daga Kano. Idan na tsaya na faɗi, zan dawo babu komai, in koma rumfata a bakin kasuwa, kowa ya wuce ya nuna ni. Da na auna sai na ga kasuwanci ya fi aminci. Na yanke shawara, saura in sanar da gida.

Ba zan iya faɗa wa Baba kai tsaye ba. Ni ne ɗansa na fari, tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake cewa, ko "wancan". Hira ba ta taɓa haɗa mu ba. Don haka na kira ƙaninsa, Baffa Sale, wanda shi ne bakina a wurinsa. A can an yi azahar, a gida hantsi ne, kuma damina ce.

Yana ɗauka na ji gangar noma da ihun samari.

"Lawan ɗan Indiya! Ka kira a daidai, ga ni da fartanya a hannu. Gayya muke yi."

"A gonar wa, Baffa?"

"A gonar wa kuwa? Ta babanka mana."

Baba mutum ne da ko gishiri ba a aro a gidansa. Ban taɓa ganin ya nemi wani abu a hannun wani ba.

Na ce, "Baba ne ya kira gayya?"

"Shi da ƙafarsa. Gida gida ya bi da goro. Ciyawa ta ci ƙarfinsa, ƙugunsa ya ƙi, babban ɗansa yana can yana kallon 'yan rawa. Ya zauna gero ya mutu?"

"Bai ji nauyi ba?"

Baffa ya yi dariya har da tari. "Nauyin me? Kai yaron nan boko ya ɓata ka. Wa ya ce maka gayya roƙo ce? Akwai gonar da babanka bai sunkuya a cikinta ba a garin nan? Yau tasa ce, jibi ta Malam Audu. Abin kunya shi ne ka ɓoye gonarka har ciyawa ta rufe ta, maƙwabta suna wucewa suna gaishe ka kana cewa lafiya lau. Kai, Isuhu! Ka gama layinka ka tsaya kallo? Juya ka taryi Ɗanlami! To ina jin ka, me ka kira ka faɗa?"

Na ce, "Babu komai, Baffa. Gaisuwa ce."

Na ajiye waya na daɗe a zaune. Shekara biyu ke nan ina wucewa ta gaban mutane ina cewa lafiya lau.

Da mako ya zagayo na koma ofishin Madam. Na ce zan tsaya. Ta ce, "Me zai sauya?" Na ce, "Madam, tun ranar da na shigo makarantar nan ban gane lissafin da ake yi ba. Haddacewa nake yi." Wannan ne karo na farko a rayuwata da na faɗa wa malami haka. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Da ka faɗi wannan tun bara, da yanzu ba ma nan zaune."

Gayya ba ta yiwuwa babu abinci, sai na fara da wannan. Na zana wa tsoho mai shayi zangarniyar gero a bayan kwali. Ya duba, ya yi dariya, ya bar rumfarsa a hannun maƙwabcinsa, ya ja ni har cikin kasuwa. Sai ga gero a buhu, irin namu sak. Na tsoma hannu a ciki na kasa cirewa. A nan ne idona ya kawo ruwa, ba ranar Sallah ba. Nono kuwa suna da shi mai kauri, ga citta, ga kanumfari.

Matsalar ita ce ban taɓa dama fura ba, balle in yi ta. Na kira ƙanwata Hadiza. Inna tana kusa, amma ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina jin ta tana cewa, "Ki ce wa wancan ya jiƙa shi tukuna. Ki ce masa kada ya cika ruwa, na san halinsa da garaje." Mai gidan da nake haya, wadda muka fara da rigima, ita ta ara mini injin niƙanta. Furar farko ta fito kamar siminti. Ta biyu ta shawu.

Mutum biyu na gayyata. Dawit ɗan Habasha ne, lissafi a wurinsa kamar shan ruwa, amma idan ya riƙe abin walda hannunsa rawa yake, an mayar masa da aikinsa sau da yawa. Suresh ɗan manomi ne daga wani ƙauye na ƙasar, yana jin darasin zafi da tururi, amma zanen injina ya gagare shi. Ban taɓa zama da su ba sai gaisuwa. Na same su na ce, "Ranar Asabar da hantsi ina da aiki a gonata, ina neman hannu." Dawit ya ce, "Kana da gona a nan?" Na ce, "Ka zo ka gani. Akwai abin sha."

Muka haɗu a wani aji da babu kowa. Na ajiye fura a kan tebur, na ce kafin kowa ya sha ya ji ƙa'ida, domin a garinmu ba a yin gayya a hargitse. Na farko, mai gona shi ke fara shiga, ba ya zama a inuwa a yi masa. Don haka alli a hannuna zai kasance. Na biyu, babu mai rubuta wa wani aikinsa. Na uku, wanda ya gama layinsa ba ya tafiya, yana juyowa ya taryi wanda ke baya. Na huɗu, duk wanda ya sha furar nan, ranar tasa gayyar zan zo, ni ma ranar tawa ba ya da uzuri.

Suresh ya kurɓa, ya ce kakarsa tana yin irinta, sai dai tata ba ta da tsakuwa. Na ce ya sha ya yi shiru.

Dawit ya ba ni tambaya daga littafi. Na rubuta amsar tun daga sama har ƙasa ban tsaya ba. Ya ce, "To mene ne matsalarka?" Sai ya goge lamba ɗaya ya sa wata, ya ce in sake. Na tsaya da alli a hannu kamar an dasa ni.

Ya riƙe ciki yana dariya. "Lawan, kai rediyo ne! Abin da aka sa maka shi kake faɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A gida da wani ya yi mini haka da na fita. Amma mai gayya ba ya fushi ya bar gonarsa. Na ce, "Na ji. Rediyo ne. Buɗe shi ka gyara."

Ya mayar da ni baya, baya sosai, har lissafin da ake yi a sakandare. A kowane layi sai ya ce, "Don me?" Idan na ce haka farfesa ya yi, sai ya ce, "Farfesa ba ya nan. Don me?" Suresh kuwa da ya ga darasin zafi ya ƙi shiga, sai ya ce in kwatanta masa injin ban ruwa da na fi sani. Na fara, yana tsayar da ni yana cewa wannan wurin shi ne alamar kaza a littafi, wancan shi ne kaza. Ashe abin da na yi shekaru ina kwancewa da hannuna shi ne suke rubutawa da haruffa. Ranar na fita ban ci abinci ba don murna.

Asabar ta gaba ta Dawit ce. Muka shiga ɗakin aikin hannu, na riƙe wuyan hannunsa kamar yadda aka riƙe nawa a Ɗambatta, har ya daina tsoron tartsatsi. Ta bayanta ta Suresh, muka kwance wani tsohon famfo ya zana shi gunduwa gunduwa. Haka muka riƙa zagayawa. Kafin zangon ya yi nisa wasu sun ji labari sun shigo, har tukunyata ta yi kaɗan. Wata 'yar Tanzaniya ta zo ta sha fura sau biyu ta tafi, ba ta tsaya gayyar kowa ba. Na tare ta na karanta mata ƙa'ida ta huɗu. Ta ce ni soja ne. Amma Asabar ta gaba ita ta riga kowa zuwa.

A aji ma na fara ɗaga hannu. Ran farko da na ce wa farfesa ban gane ba, ina jiran ya fusata. Sai ya ce, "Madalla," ya goge allo ya sake. Na waiwaya na ga kusan rabin ajin sun sunkuya suna rubutu.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, tsoho mai shayi ya aiko mini da shayi mai citta har ɗaki. Akwai ranar da na jefar da alli na ce na gaji, Dawit ya ɗauko ya mayar mini a hannu ya ce, "Ƙa'ida ta farko, kai ka kafa ta."

Jarrabawa ta zo. Da na buɗe takardar lissafi na ga tambayar da ban taɓa gani ba, kuma ban firgita ba. Na ce da kaina, don me, na fara daga nan.

Na ci duka ukun. Biyu da kyau, na ƙarfe kuwa da ƙyar na tsallake. Madam ta gan ni a baranda ta ce, "Lawan, ka gane?" Na ce, "Wasu wuraren, Madam." Ta ce, "Yanzu ka zama ɗalibi."

Na gama a makare da shekara ɗaya, kuma sakamakona ba na sahun gaba ba ne, ban ɓoye wa kowa ba. Dawit ya fita da babban sakamako. Suresh bai gama ba. Mahaifinsa ya rasu, ya koma ya riƙe gonarsu da ƙannensa. Mun taryi layinsa iya ƙarfinmu, bai isa ba. Har yau idan na tuna shi murnata tana raguwa. Ranar da zan taho na kai wa tsoho mai shayi hulata mafi kyau. Ya sa ta a karkace, ya ɗauki butar nan ya miƙo mini. Tana ɗakina yanzu.

Yau ina haɗa famfunan da ke aiki da hasken rana a ƙauyukan Ɗambatta da Bagwai, wani lokaci har Rimin Gado. Na fara da na garinmu. Ranar da ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa, yara suka shiga ƙarƙashinsa da kayansu. Ina tattara kayan aiki sai na ji murya a bayana.

"Injiniya."

Na ci gaba da abin da nake yi, na ɗauka wani ne.

"Injiniya, da kai nake. In ka gama ka zo ka ci abinci."

Baba ne. Ya juya ya tafi yana dafe da ƙugu, bai jira amsa ba. Baffa Sale ya matso ya ce mini a kunne, "To, ka ga ya samu abin da zai riƙa kiran ka da shi. Tun da aka haife ka yake nema."

Ga abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan. Idan kana da ɗa, ko ƙani, ko ƙanwa da ke karatu a nesa, ka kira shi a makon nan. Kada ka ce masa yaya karatu, domin Alhamdulillahi zai ce maka ko da ciyawa ta kai masa wuya. Ka ce masa, wane darasi ne ya fi ƙarfinka, kuma wa ka kira ya taya ka? Idan ya yi shiru, kada ka ajiye wayar. Ka jira har ya faɗa.